Tara kayan tarihi ba tara tarkace ba ne

A Amurka, gogaggen mai tara katunan 'yan wasan besbol na ƙarni na 19 ba ya sayen duk abin da idonsa ya faɗa a kai. Jeri ɗaya yake zaɓa, kamar na Old Judge, hotunan da kamfanin Goodwin ya riƙa sanyawa cikin kwalin sigari daga 1886 zuwa 1890, ya yi shekaru yana farautarsa. Hakan ya yiwu ne domin Jefferson Burdick ya tsara musu kundi, kowane jeri da lambarsa.

Gatan da takardar sigari ta samu ke nan. A Birnin Kebbi da Argungu kuwa, babban ma'aikaci yakan sayi takobi yau, gobe kwabo mai huda, jibi homar masunta, ya jera a falo. Tambaye shi hannun wa takobin ya fito, sai kame-kame. Ado ya saya, tarihin kuwa ya bi dillali.

Mai hali da niyya ya tsaya kan abu guda: rubuce-rubucen hannu na littattafan Abdullahi ɗan Fodiyo, irin su Liya'ul Hukkami da Tazyinul Waraƙati, waɗanda gara da damina ke ci a gafakar magada. Ya rubuta sunan magwafi, da gidan da aka samo kowanne. In magada sun ƙi sayarwa, hoto ma ya wadatar.

Za a ce ai aikin hukuma ne. Gidan Tarihi na Kanta yana nan tun 1958, amma ɗan gida ake buɗe wa gafaka, ba jami'i mai takardar ofis ba.