Gasar harbin nesa: Lissafin manhaja daidai yake, amma iska ba ta jin lissafi

A watan Satumban 2022 wasu maharba a jihar Wyoming ta Amurka suka sanar da cewa harsashinsu ya sami allon da suka kafa a nisan mil 4.4, wato sama da kilomita bakwai. Harsashin ya yi kusan daƙiƙa 24 yana tafiya a sama kafin ya isa. Labarin ya karaɗe shafukan sada zumunta, mutane na ta jinjina wa lissafin kwamfuta.

Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, sai a harbi na 69 aka dace. A ganina wannan adadin shi ne ainihin labarin.

Ba na musun cewa lissafin tafiyar harsashi ya yi nisa. A yau mai shiga gasa yana da manhaja a wayarsa, irin su Applied Ballistics ko 4DOF ta kamfanin Hornady, da 'yar na'urar Kestrel mai auna iska da zafi. Zai shigar da nauyin harsashi, da gudunsa a bakin bindiga, da nisan allo, nan take manhajar ta faɗa masa yadda zai ɗaga saiti. Wasu kamfanonin har da na'urar radar suke bin harsashi don su san yadda iska ke rage masa gudu.

Kuma lissafin yana da amfani ƙwarai. Harsashin .308, wanda aka saba gani a gasa, yana sauka ƙasa da kusan mita goma kafin ya kai yadi 1,000, wato mita 914. Juyin da yake yi kamar katantanwa yana karkatar da shi gefe da 'yan santimitoci. Har juyawar duniya tana da ɗan nata tasiri. Duk waɗannan abubuwa ne masu bin ƙa'ida, kuma manhaja ta iya su.

Matsalar tana wurin abin da ake ba manhajar. Idan gudun harsashin da aka shigar ba daidai ba ne, amsar ma ba za ta zama daidai ba. Harsasai biyu daga kwali ɗaya ba sa fita da gudu iri ɗaya. Albarushi yana canza hali tsakanin sanyin safiya da zafin rana. Abin da ka shuka shi za ka girba.

Sai babbar matsalar, wato iska. Iskar da ke kaɗawa ta gefe da gudun kilomita 16 a sa'a tana iya ture wancan harsashi da kusan mita biyu da rabi a yadi 1,000. Ke nan kuskuren kilomita biyu kacal wajen ƙiyasta gudun iska ya kai kusan santimita 30 a kan allo. A gasar F-Class ta Amurka kuwa, da'irar tsakiyar allon ba ta wuce santimita 13 ba. Na'ura tana auna iskar da ke wurin da maharbi yake kwance ne. Wadda ke tsakiyar fili, inda za ta iya lafawa ko ta juya cikin daƙiƙa ɗaya da rabi da harsashin ke tafiya, sai dai ido ya karanta ta daga tutoci da ciyawa da kawalwalniya.

Shi ya sa nake ganin darajar gasar King's Prize da ake yi a Bisley ta Ingila, wadda aka fara tun 1860. A zagayen ƙarshe ana harbi daga yadi 900 da 1,000, ba tare da madubin kusanto da nesa a kan bindiga ba. Kowa ya san yadda harsashinsa zai sauka. Wanda ya fi karanta iska shi ke lashewa.

Masu kare harbin Wyoming za su ce gwaji ne na iyakar abin da bindiga za ta iya, kuma ba su ɓoye adadin harbin ba. Gaskiya ne, sun cancanci yabo a kan haka. Sai dai wanda ya yi ta gyara saiti sau 68 yana bin inda harsashin baya ya faɗa, ido da haƙuri ne suka kai shi, tare da sa'a.

Don haka duk lokacin da aka ce an kafa sabon tarihi, kada mu tsaya a tambayar nisan. Mu tambayi girman allon, da harbi na nawa ne ya samu, da ko za a iya maimaitawa. Kamfanonin da ke sayar da manhaja su ma su riƙa faɗa wa sabon ɗan wasa gaskiya: na'urar za ta kawo shi kusa da allo, sauran aikin kuma sai shekarun da ya yi a fili yana kallon iska.