Daga Bakin Allo: Sabon Mai Bi Da Tsohuwar Unguwarsa

 Kamar yadda aka saba kowace shekara, a daren Ista ne majami'un Katolika na Bangi sukan yi wa manya baftisma bayan sun daɗe suna koyon addini, sauran ikilisiyoyi kuma kowace da nata lokacin. A cikin waɗannan sababbin masu bi akan sami 'yan ƙalilan masu jin Hausa, 'ya'yan Kilomita Biyar da unguwannin da ke kewaye da ita. Da su za mu yi magana a wannan wata. Mun sani sarai yawancin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, muna kuwa roƙonsu su daure su karanta har ƙarshe, don akwai nasu rabon a ciki.

Bahaushen da ya zama Kirista a garin nan yakan tsinci kansa cikin halin jemage, tsuntsaye ba su karɓe shi ba, dabbobi kuma suna yi masa kallon baƙo. A gida ana cewa ya koma wajen waɗanda suka kore mu. A majami'a kuwa, da zarar an ji sunansa, aka ga hularsa, sai a fara raɗa ko ɗan leƙen asiri ne. Ba a rasa dalili ba. A watan Maris na 2013 'yan Seleka suka kama Bangi, ranar 5 ga Disamba na wannan shekara kuma 'yan Anti-Balaka suka auka wa birnin. Dubban Musulmi suka gudu Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage aka tsare su cikin Kilomita Biyar, fita ma sai da kasada. A ɗaya gefen, an kai wa majami'ar Fatima da ke maƙwabtaka da mu hari ranar 28 ga Mayu 2014, aka sake kai wani ranar 1 ga Mayu 2018, ko wane karo an kashe masu sujada har da fada. Wato kowane ɓangare yana da kaburburansa, sabon mai bi kuwa tsakanin waɗannan kaburbura zai riƙa wucewa kowace Lahadi.

To, a nan ne jaraba take zuwa. Don ya nuna wa sababbin 'yan'uwansa cewa da gaske yake, sai ka ga yaro ya jefar da sunansa, ya daina Hausa, ya kwashe kayansa ya bar unguwa, har ya riƙa zagin abin da iyayensa suke girmamawa. Shawararmu guda ita ce kada ku yi haka. A Bisharar Markus sura ta 5 akwai labarin mutumin da Yesu ya warkar, ya roƙa a bar shi ya shiga jirgi ya bi shi, amma Yesu ya hana, ya mai da shi gida wurin danginsa don su ga abin da Allah ya yi masa. Duk abin da za mu faɗa a ƙasa, daga wannan tushe ya fito.

Mu fara da suna da harshe. Musa, Ibrahim, Yakubu, Yusufu, Dauda, Maryamu, duk sunaye ne da ke cikin Littafi Mai Tsarki tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. In majami'arka ta ba ka sunan baftisma, karɓi, amma wanda mahaifinka ya yanka rago ya raɗa maka bai zama ƙazanta ba. Kuma ba ku ne farkon Hausawan da suka bi wannan hanya ba. Likita Mila ya zauna a birnin Zariya tun 1905, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa, inda har yau majami'ar da aka gina da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa take tsaye. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa. Daga cikin Kiristocin wannan yanki ne aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A Nijar ma akwai ikilisiyoyin Hausawa a ƙasar Maraɗi, ga asibitin Galmi da aka buɗe tun 1950. Waɗannan mutane sun yi addu'a da Hausa, sun sa babbar riga, sun ci tuwo, ba wanda ya ce imaninsu ya ragu. A nan Bangi da Sango da Faransanci ake sujada, ku koye su da kyau, amma wanda ya ce Allah da wanda ya ce Nzapa duk Mahalicci ɗaya suke kira.

Sai batun iyaye, wanda shi ne mafi nauyi. Girmama uwa da uba yana cikin Dokoki Goma, kuma ba a ce sai in addininku ɗaya ba. A Markus sura ta 7 Yesu ya tsawata wa masu hana iyayensu taimako da hujjar wai sun keɓe dukiyar domin Allah. Saboda haka kuɗin cefanen da kake kai wa tsohuwa kada ya ragu ko da dala ɗaya, in da hali ma ya ƙaru. In mahaifinka ya yi fushi ya ce kada ka ƙara taka masa ƙofa, kada ka mayar da magana. Ka ba shi lokaci, ka riƙa aika gaisuwa ta bakin kawu ko gwaggo, ranar da ba shi da lafiya kuwa ka zama na farko a bakin gadonsa. Zumunta a ƙafa take. Suna, ɗaurin aure, gaisuwar mutuwa, barka da salla, duk ka je. Ba za ka shiga sahun salla ba, amma ba abin da ya hana ka ɗaukar makara ko haƙa kabari. Mu tuna cewa akwai lokacin da Musulmin unguwar nan ba sa iya kai mamatansu maƙabartar Boyin, sai da aka ƙulla yarjejeniya tsakanin unguwannin biyu a 2016. Wanda ya ga wannan zamani ya san darajar raka gawa.

Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci da ya kamata ku sani tun yanzu. A fiƙihun da iyayenmu suke bi, wanda ba Musulmi ba ba ya gadon Musulmi. Mai yiwuwa ne ranar rabon gado a tsallake ka. Tsarin mulkin ƙasar nan ya ba kowa 'yancin addini, ƙofar kotu ma a buɗe take, amma kafin ka ja 'yan'uwanka gaban alƙali saboda rumfa ɗaya a kasuwa, ka auna abin da za ka samu da abin da za ka rasa. Abin da ya fi shi ne ka kama sana'a tun da wuri, ka tsaya da ƙafarka, don kada ka zama kaya a wuyan ikilisiya, kada kuma a ce yunwa ce ta kai ka ko ita ce ta dawo da kai.

Game da ci da sha, za ku ji ana cewa Kirista ba shi da haramun a abinci. Ku karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa sura ta 14, za ku ga ya gargaɗi masu bi kada abin da suke ci ya zama sanadin tuntuɓen wani. Wanda ya tashi bai san naman alade ba, ba wata lada da zai samu don ya fara ci yau. Wanda bai taɓa kurɓar ngbako ko kangoya ba, baftisma ba takardar izinin shiga mashaya ba ce. A wurin mutanenmu, da yawa sun ɗauka Kiristanci shi ne giya da sakin jiki, kuma duk ranar da aka gan ka kana tangaɗi a titin Kuduku ka tabbatar musu da zatonsu. In azumi ya zo kada ka zauna kana cin abinci a gaban masu azumi. In an aiko maka da naman layya, sa hannu biyu ka karɓa, ranar Kirsimeti kai ma ka aika da naka, ka kuma tabbata Musulmi ne ya yanka don kowa ya ci da kwanciyar rai.

Yawancinmu a kasuwa muke neman abinci, kuma a nan ne za a fi yi muku jarrabawa. Mu malaman makaranta mun san yaro ba ya koyon abin da aka rubuta a allo kamar yadda yake koyon halin malaminsa. Haka maƙwabcinka na rumfa, ba zai karanta Linjila ba, kai zai karanta. Mudunka ya cika, sikelinka ya tsaya daidai, yadin da ka auna ya kai yadi. In akwai bashin da ka daɗe kana gujewa, je ka biya, ko da sefa ɗari biyar-biyar ne. Zakka mai karɓar haraji, a Luka sura ta 19, bayan ya tuba ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu. Wannan wa'azi ne da ba mai iya musunsa.

Sannan ku kama bakinku. Sabon shiga yakan yi ɗoki, yana jin ayoyi uku da ya haddace sun ishe shi ya ka da malamin da ya yi shekara talatin yana karatu. Gardamar addini a bakin rumfa ba ta taɓa juya zuciyar kowa ba, sai dai ta bar gaba. In an tambaye ka da ladabi, ka amsa da ladabi, in an zage ka, ka wuce. Kada ka taɓa aibata Annabin Musulmi ko Alƙur'ani, ko a gabansu ko a bayan idonsu. Abu mafi haɗari kuma shi ne kai labari. Kai kana shiga gidaje biyu, kana jin abin da ake faɗa a nan da can. Kada ka ɗauki maganar zaure ka kai majami'a, kada ka ɗauki ta majami'a ka kawo zaure, kada ka tura wa kowa jita-jitar da ta shigo wayarka ta Facebook ko WhatsApp. Mun ga yadda ƙarya ɗaya take tayar da unguwa kafin la'asar. Baki shi ke yanka wuya.

Duk wannan ba zai yiwu ba in ciki babu komai. Ku keɓe lokacin addu'a safe da dare. Wanda ya saba tashi da asuba kada ya yar da wannan kyakkyawar al'ada. Ku fara karatu da Markus, ita ce mafi gajarta cikin Bishara huɗu, sura 16 ce kawai, in ana karanta ɗaya kullum ba a kai sati uku ba an gama. Daga nan ku shiga Luka da Zabura. Wanda bai sami littafin Hausa a nan ba, ya yi saƙo wurin direbobin hanyar Kamaru, ko ya sa a wayarsa. Ku tsaya a ikilisiya ɗaya mai dattawa da tsari, ku nemi dattijo guda mai riƙon amana da za ku riƙa kai masa damuwarku. Ku yi hattara da masu kiran kansu annabawa, masu sayar da mai da ruwan addu'a, masu cewa talaucinka wata tsohuwa ce a danginku ta jawo shi. Zargin maita, wanda ake kira likundu da Sango, ya sa an wulaƙanta tsofaffi da yara da yawa a ƙasar nan, wasu har an kashe su. Wanda ya cire laya daga damtsensa ya koma sayen kwalbar mai, boka kawai ya sauya.

In kuna neman abin koyi, ba sai kun je nesa ba. A Disamba 2013 Akbishop Dieudonné Nzapalainga, wanda ya zama Kadinal a 2016, ya sauki Imam Umar Kobine Layama a gidansa na tsawon watanni, su biyu tare da Fasto Nicolas Guerekoyame-Gbangou suka yi ta zagaya ƙasa suna kashe wuta. A Bosemtele, Fada Bernard Kinvi ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a mishan a 2014. A Bangasu, Bishop Aguirre ya ba Musulmi wajen 2,000 mafaka a 2017. Ranar 30 ga Nuwamba 2015 kuwa Paparoma Faransis da kansa ya shigo unguwar nan, ya shiga Babban Masallaci, ya ce Kirista da Musulmi 'yan'uwan juna ne. Ba ɗayansu da ya bar addininsa don ya yi haka, addinin ne ma ya sa su.

Ga dattawan ikilisiya, muna roƙo ku karɓi waɗannan yara ba tare da tuhuma ba, kada kuma ku riƙa tsayar da su gaban jama'a kamar ganimar yaƙi, domin su ne za su koma unguwa da dare, ba ku ba. Ga iyayenmu da 'yan'uwanmu Musulmi kuma, mun san abin yana da ciwo, ba za mu ce ku yi murna ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mu Hausawa a ƙasar nan ba mu da yawan da za mu riƙa korar junanmu, mun kuma ɗanɗani yadda kora take. Barthélemy Boganda ya bar wa ƙasar nan taken Zo kwe zo, wato kowane mutum mutum ne, ɗanku ma yana ciki. Ku bar masa ƙofa a buɗe, ku zuba ido ga halinsa, hukuncin zuciya kuwa na Allah ne.

Allah ya zaunar da Kilomita Biyar lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya rubuto ta hannun edita. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.