Ƙarin da hoto ya tsinta a saman ƙoda: a auna jini kafin a kai ga wuƙa

Yanzu da na'urar hoton CT ta yawaita a Kano da Kaduna da Abuja, likitoci na ta cin karo da abin da ba shi suka je nema ba. A aika mutum hoto saboda tsakuwar ƙoda ko bayan haɗarin mota, sai takardar sakamako ta ce an ga ɗan ƙari a jikin adirinal. Daga nan sai hankalin dangi ya tashi, kowa tunaninsa ya tafi kan sankara.

Adirinal wasu 'yan halittu ne guda biyu, kowacce na zaune a saman ƙoda ɗaya, nauyinta kusan giram 5. Su ke samar da kotisol da aldostiron da adiranalin, sinadaran homon da ke daidaita ƙarfin bugun jini da gishiri da suga a jiki. Kusan mutum 4 cikin 100 na manyan da aka yi wa CT na ciki ana ganin irin wannan ƙari, kuma yana ƙaruwa da shekaru. Mafi yawansu lafiya lau suke zaune, ba sa yaɗuwa. Sankarar da ke farawa daga ɓawon adirinal kuwa ba ta wuce mutum 1 zuwa 2 cikin miliyan a shekara.

Tambayoyi biyu ne ya kamata a amsa. Ta farko, mugun ƙari ne? Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin homon ta Turai na 2023 sun ce idan ƙarin bai ɗaya yake, kuma ma'aunin Hounsfield, wanda ke nuna nauyin nama a hoton CT, bai haura 10 ba a hoton da ba a yi allurar rini ba, to mai kitse ne marar illa, ba sai an yi ta maimaita hoto ba. Wanda ya wuce santimita 4 kuma bai cika wannan sharaɗi ba, shi ke buƙatar zaman ƙwararru.

Tambaya ta biyu ita aka fi tsallakewa, alhali hoto ba ya amsa ta: ƙarin yana zubo homon fiye da kima? Ana ba mutum miligiram 1 na deksametason da ƙarfe 11 na dare, a auna kotisol da safe. Mai hawan jini ko ƙarancin fotasiyam a duba masa yawan aldostiron, matsalar da Jerome Conn na Jami'ar Michigan ya bayyana a tsakiyar shekarun 1950. Wannan na cikin nau'o'in hawan jini ƙalilan da tiyata kan iya warkarwa, don haka wanda ke shan ƙwayoyi kala uku jininsa bai sauka ba ya cancanci wannan gwaji.

Sai fiyokuromosaitoma, ƙarin da ke kwararo adiranalin, ya jawo ciwon kai da gumi da faɗuwar gaba. An tarar da shi a jikin tsohon shugaban Amurka Eisenhower bayan rasuwarsa a 1969, duk da irin kulawar da ya samu. Soka wa irinsa allura don ɗebo nama, ko yin tiyata ba shiri, na iya cilla jini sama har rai ya salwanta.

Ƙasar Hausa tana da nata sha'anin. Tarin fuka na iya kumbura adirinal duka biyu har su gaza aiki, cutar da Thomas Addison ya siffanta a Landan a 1855. Rifamfisin na maganin tibi, da wasu magungunan farfaɗiya, da ƙwayar tazarar haihuwa duk suna iya gurɓata sakamakon gwajin kotisol. Haka ma man bilicin mai ɗauke da sitiroyid. Dole majinyaci ya faɗa wa likita duk abin da yake sha ko shafawa.

Cikas ɗin shi ne tsadar gwaje-gwajen da ƙarancin likitocin homon a wajen asibitocin koyarwa. Ya kamata cibiyoyin hoto su riƙa rubuta girman ƙari da ma'aunin Hounsfield a kowane sakamako, su kuma faɗi asibitin da za a nufa. Hukumomin inshorar lafiya na tarayya da na jihohi su sa waɗannan gwaje-gwaje cikin abin da suke biya, domin kuɗinsu bai kai na tiyatar da ba a buƙata ba.