Rawa da Kare a Ingila, Kare a Sarƙa a Sharaɗa

Wata Asabar muka tsaya shan mai a Sharaɗa da wani ɗalibina, sai ya miƙo mini wayarsa yana ƙyaƙyata dariya, ya ce: "Malam, dubi abin da ƙoshi ke sa Bature." Wata mata ce ke rawa da karenta, kiɗa na tashi, in ta juya ya juya, in ta ja da baya ya ja. Ni ma na dara. Amma a tsallaken titi, ƙofar wata masana'anta, ga wani kare ɗaure da sarƙa cikin rana, haƙarƙarinsa duk a waje, ƙudaje sun cinye masa kunnuwa. Nan dariyar ta maƙale mini.

Wannan rawa gasa ce sosai. Ta ɓullo a Kanada da Ingila da Amurka wajen shekarar 1990, kuma tana cikin wasannin Crufts, babban bikin karnuka da ake yi duk shekara a Birmingham. Alƙalai kan duba tsarin wasan, da daidaiton motsi, da yadda ya dace da kiɗan. A 2012 wata yarinya, Ashleigh Butler, da karenta Pudsey suka cinye gasar talabijin ta Britain's Got Talent, suka tafi da fam 500,000. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne a fage ba igiya a wuyan karen, ba bulala. Da murya da alamar hannu ake bi da shi, bayan doguwar tarbiyya ta lada da haƙuri.

Harshe sana'ata ce, don haka can na fara duba matsayin kare a wurinmu. Yaron direba karen mota ne, ɗan bangar siyasa karen farautar maigidansa ne, wanda ya zubar da mutuncinsa an ce ya zama kare. Amma Bahaushen nan shi ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana, domin mafarautanmu sun san horon kare, suna raɗa masa suna, suna fita da shi daji da kiɗan farauta. Malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki kare mai rai najasa ba, kuma shari'a ta yarda a riƙe shi don farauta da kiwo da gona. Ko wasa da dabba a gaban taro ba baƙonmu ba ne, ga gardawa nan da kurayensu, sai dai su da takunkumi da sarƙa suke aiki.

To, wanne muka ɗauka a Bompai da Sharaɗa da Challawa? Na sha jin masu gadi na cewa sai an bar kare da yunwa yake zafi. Kare mai yunwa ba ya bambance ɓarawo da leburan da ya tashi aikin dare, ko yarinya mai tallar abinci. Kuma da masaƙu da wasu kamfanoni suka rufe, wa ya bi kadin karnukan da ke gadinsu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tsira.

Ba ina kira a buɗe gasar rawar kare a filin wasa na Sani Abacha ba ne. Muna da abin da ya fi wannan damun mu. Roƙona ga rassan Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya da ke waɗannan unguwanni shi ne su wajabta wa kowane kamfani mai karen gadi takardar allurar rigakafi ta shekara, da inuwa da abinci, da maigadin da aka koya wa riƙon kare. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom na haɗa allurar, kuma masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, cutar kan yanke. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ita ta duniya; ana iya farawa daga Sharaɗa.