Littattafai a Bayan Jakuna

A 1998 John Wood, jami'in kamfanin Microsoft, ya leƙa makarantar ƙauyen Bahundanda a tsaunukan Nepal. Ɗalibai ɗaruruwa, littattafai kuwa 'yan ƙalilan, su ma an garƙame su da kwaɗo.

Shekara na zagayowa ya dawo da dubban littattafai a bayan jakuna, daga nan ƙungiyar Room to Read ta samo asali a 2000.

A ganinmu kyautar ba ta wadatar ba, tunda littattafan na Turanci ne, yaron da Nepali kaɗai yake ji sai dai ya sha kallon hotuna. Gara da ƙungiyar ta farga da wuri: ta nemo marubuta da masu zane 'yan ƙasa suna wallafa labarai cikin harsunan yaran, har a Indiya da Tanzaniya.