Miji da Mata a Bakin Teku: Tafiyar da Ba Mu Saba da Ita Ba

 

Akwai wata al'ada ta matasan Turai da nake son mu duba a wannan mako. Miji da mata kan tara kuɗi, su sayi tsohuwar motar bas, su cire kujerun baya, su shimfiɗa katifa, su ɗora risho da jarkar ruwa, sannan su bi hanyar bakin teku na tsawon makonni. Inda rana ta faɗi, nan ne masauki. Ba su ɗauke da haja, ba kuma neman aiki ya fitar da su ba. Gani kawai suka fita yi.

Dattawan Kano ba za su yi mamakin wannan ba. A shekarun 1970 da 1980 irin waɗannan matafiya kan ratso Sahara daga Aljeriya, ta Tamanrasset da Agadas, su gangaro ƙasar Hausa, su yada zango a sansanin 'yan yawon buɗe ido da ke titin Bompai. Waɗanda suka biyo ta Maraɗi da Katsina kuwa ta kusa da gonakinmu na Bacirawa suke wucewa. Tawayen Abzinawa a Nijar da yaƙin basasar Aljeriya ne suka toshe wannan hanya a farkon shekarun 1990, shi ya sa masu wannan tafiya suka karkata zuwa gaɓar Tekun Atilantika, ta Maroko da Muritaniya da Senegal. Hanyar da Pelumi Nubi, 'yar asalin Nijeriya, ta bi ke nan a 2024: ta taso daga Landan a ƙarshen Janairu cikin ƙaramar motar da ta mayar ɗakin kwana, ta yi hatsari a Kwaddibuwa, amma ta iso Legas a ranar 7 ga Afrilu.

Idan ana maganar doguwar tafiya, Bahaushe ba ɗan koyo ba ne. Fatakenmu sun yi ƙarnoni suna kai kanwa da tufafi Gwanja, su dawo da goro daga Salaga. Alhazanmu sun taka da ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, wasu da matansu da 'ya'yansu, suna noma a hanya don neman guzuri, tafiyar ta ci shekaru. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Kogin Nilu a Sudan shaida ce ta waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. A rubuce ma muna da gado: Abubakar Imam ya ziyarci Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Har gobe kuma tafiyar muke yi. A Bacirawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, inda gona ke jingine da gona, gado ya tsattsaga filaye har wani magidancin ba ya noma abin da zai kai shi bazara, da an kammala girbi sai samari su hau saman tirelolin da suka yi lodi a Dawanau, su nufi Legas ci-rani. Abin lura a nan abu biyu ne. Na farko, larura ce ke fitar da mu, don haka ido ba ya sakewa ya kalli komai. Mutum zai yi rani goma a Mile 12 ko Agege bai taɓa zuwa ya tsaya a bakin teku ba. Na biyu, maigida ne ke tafiya, uwargida tana gida. Shi ya ga duniya ko da ta tagar mota ce, ita kuwa iyakarta biki da suna da asibiti. A ganina wannan giɓi yana cikin abubuwan da ke sa hira ta ƙare da wuri tsakanin ma'aurata, domin ba su da wani abin tunawa da suka gani tare.

Wani zai ce ai wannan al'adar Nasara ce. Ban yarda ba. Alƙur'ani Mai Girma ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa domin lura da ɗaukar izina. Ya kuma tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, wadda ta faɗo a kanta ya tafi da ita. Shari'a ta sauƙaƙa wa matafiyi da ƙasaru. Matar da ke tare da mijinta kuwa ba ta da matsalar muharrami. Abin da muke ɗauka daga Bature shi ne tsari da tattali, ba sutura ko ɗabi'a ba.

Ga kuma wata gata da Baturen ba shi da ita. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Daga Legas zuwa Akara bai kai kilomita 500 ba, kuma galibin hanyar kusa da teku take bi. Za ka tsallaka iyaka a Seme, ka wuce Kwatano, ka ratsa Ouidah da Grand-Popo inda itatuwan kwakwa suka yi layi a kan rairayi, ka shiga Lome, ka faɗa Ghana ta Aflao. Gaba da Akara akwai Cape Coast da Elmina, inda ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482 take tsaye, da ɗakunan da aka tsare bayi kafin a loda su a jiragen ruwa. Ɗalibin tarihin da ya shiga ɗakin nan sau ɗaya ya fi wanda ya haddace babi uku. Gani ya kori ji. Kusan kowane babban gari a hanyar nan yana da zango, inda za ka ji Hausa, ka sami masallaci, ka ci tuwo.

Ba zan ɓoye wahalhalun ba. Kuɗin mai da faɗuwar darajar naira sun sa tafiya ta yi tsada. Tsakanin Kano da Legas akwai kusan kilomita 1,000, kuma tsoron masu garkuwa da mutane ba almara ba ne. Shingayen jami'ai a hanyar Badagry zuwa Seme sun isa su gajiyar da mai haƙuri. Saboda haka ba na ba kowa shawarar ya kwana a mota a gefen daji irin na Turawa. A yi tafiya da rana, a kwana a cikin gari, a tanadi fasfo da katin rigakafin shawara da takardun mota. Wanda ba shi da mota, akwai motocin haya da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Akara kullum.

Wanda ƙarfinsa bai kai can ba, ya fara da na kusa: madatsar ruwa ta Tiga, rijiyar Kusugu a Daura, hasumiyar Gobarau a Katsina. Kuɗin da ake kashewa a anko da liƙi a biki ɗaya ya isa miji da mata su yi kwana biyu a ɗaya daga cikin wuraren nan.

Ga hukumomi kuma, titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024 ba zai amfani mutumin Bacirawa ba matuƙar hanyar da za ta kai shi Legas ba ta da aminci. Ga ɗalibaina masu shirin aure, shawarata ita ce a rage akwati ɗaya a lefe, a ajiye kuɗinsa don tafiyar farko tare da amarya.

Allah ya kiyaye mana hanyoyinmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.