Daga Langa Zuwa Dara

Tun zamanin kakanni Hausawa sun raba wa wasa shekaru. Yaro shi ke langa domin ƙafarsa na da ƙarfi, dattijo kuwa ya zauna gindin bishiya ya haƙa gurbin dara. Wasan bidiyo, wanda ya zo mana daga Amurka da Japan, shi ma ya bi wannan tafarki, saboda haka muka ga ya dace mu yi wa 'yan'uwa ɗalibai tsokaci a kansa.

Kamfanin Atari ya fito da Pong a 1972, Pac-Man ya biyo baya a 1980, sa'an nan Super Mario Bros. a 1985. Watau yaran da suka fara waɗannan wasanni yau sun yi furfura, waɗansu har da jikoki. Da yawansu ba su bar wasa ba, sai dai abin da suke nema a cikinsa ya sake.

Dalili na farko jiki ne. A 2014 masana a Jami'ar Simon Fraser ta Kanada suka nazarci mutum 3,305 masu buga StarCraft 2, suka tarar saurin da hannu ke amsa abin da ido ya gani yana fara raguwa tun daga shekara 24. Amma kuma sun lura manyan suna cike giɓin da dabara. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Na biyu lokaci ne. Saurayi na iya kwana yana buga ƙwallo a akwatin wasa, alhali magidanci mai aiki da cefane da kuɗin makarantar yara ɗan sararin da zai samu kaɗan ne. Shi ya sa yakan koma ga irin su Tetris ko Candy Crush a wayarsa, wasan da zai ajiye da an kira salla. Na uku kuwa zuciya ce. Zafin son kayar da abokin gasa yakan lafa, sai mutum ya fi son wasa mai labari, ko ya zauna ya buga da ɗansa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Shekarun da hannu ya fi sauri su ne dai shekarun da ɗalibi ke jami'a. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Ba cewa muke a haramta wasa ba, domin ƙwaƙwalwa ma tana son hutu. Abin da muke cewa shi ne wasa zai jira mu har tsufa, ya kuma sake kama ya dace da mu, amma jarrabawar ƙarshen zango ba ta jiran kowa. Lalle ne kowane ɗalibi ya yanka wa wasa lokacinsa, ya ba karatu nasa. Allah ya sa mu dace, amin.